Motar da Ake Kira Tun Jiya

  A fitowar da ta gabata mun yi alkawarin ci gaba da labarin abin da muka gani a tafiyar da muka raka mahaifiyarmu ƙasar Faransa cikin watan Oktoba na shekarar 2022, to ga shi Allah ya nufa. Yau magana ce a kan mota. Kada mai karatu ya ce mene ne abin labari a cikin mota, domin wannan dai ta sa mun yi gudun da ba mu yi irinsa ba tun muna yara, ta kuma ci mana kuɗin da har yau in muka tuna sai mun girgiza kai. Mun kuma san a cikinku akwai masu ƴaƴa da ƙanne a can, waɗanda wata rana za su aiko a kai musu tsoho ko tsohuwa.

Duk wanda aka ambata wa Faransa, abin da ke faɗo masa a rai shi ne Paris da fitilunta da jiragenta na ƙarƙashin ƙasa. Mu ma haka muka ɗauka. Amma yayanmu, wanda ke aikin likita a wani ƙaramin asibiti, ba a Paris yake ba. Sai da jirgin ƙasa ya yi kusan awa uku yana nausawa kudu da mu kafin ya sauke mu a La Suteren, cikin gundumar Kurez da ke tsakiyar ƙasar, daga nan kuma Yaya ya ɗauke mu a motarsa zuwa ƙauyen da ya kama haya. Ƙauye ne na gaske. Gidajen dutse ne da ba su kai talatin ba, babu kanti, babu gidan burodi, makarantar ma an daɗe da rufe ta. Ko'ina ka duba ciyawa ce shar, da jajayen shanu waɗanda Inna ta ce da suna da dogayen ƙahoni da ta rantse na Bororo ne.

Kurez ƙasar ƴan ci-rani ce. A ƙarni na 19 mazajenta magina ne, watan Maris na kamawa sai su ɗauki sanda su taka da ƙafa zuwa Paris da Liyon su yi aikin gini, ba su komowa sai sanyi ya shigo. Mutumin Tawa ko Maradi ba ya bukatar a yi masa bayanin wannan rayuwa. Inda muka bambanta da su shi ne, nasu sannu a hankali suka daina komowa. Gundumar da ta haura mutum 280,000 a tsakiyar wancan ƙarni, yau mutanenta kimanin 115,000 ne, a fili mai faɗin murabba'in kilomita 5,565. Babban garinsu, Gere, mutanensa wajen 13,000 ne, ko Tasawa bai kai ba. Da yawa daga waɗanda suka saura kuwa tsofaffi ne. A irin wannan wuri, in aka sa babbar bas mai kujera hamsin ta riƙa zagaya ƙauyuka, direba ne zai yi ta yawo da iska. Saboda haka mai mota ya shiga motarsa, wanda ba shi da ita, ko wanda tsufa ya ƙwace masa tuƙi, ya zauna a bakin taga yana kallon hanya.

Mu ma a bakin tagar muka samu kanmu. Mota ɗaya ce a gidan, Yaya ke fita da ita aiki. Matarsa tana jego, wanda shi ne dalilin zuwan Inna, mu kuwa babur kaɗai muka iya. Ga shi kuma tun muna gida, wata huɗu kafin tasowarmu, Yaya ya kama wa Inna rana wurin likitan ido, domin idonta na hagu ya daɗe yana yi mata hazo. Likitocin ido sun yi ƙaranci a irin waɗannan yankuna, wanda ya ɓata ranarsa sai ya sake bin layi na watanni, takardar izinin zamanmu kuwa ba ta wuce kwana 90 ba. Ranar ta faɗo Talata, ta kuma yi daidai da ranar da Yaya ke kwana asibiti. Sai ya miƙo mana wata ƴar takarda da ya karɓo daga ofishin magajin gari, ya ce: "Ga lamba nan, ka kira su, har ƙofa za su zo."

Abin da Faransawa ke ce wa transport à la demande ke nan, wato motar jama'a da ba ta fitowa sai an neme ta. Ba taksi ba ce, domin ba kai kaɗai take ɗauka ba, kuma kuɗinta ƙayyadadde ne, ba a ciniki. Ba kuma bas ba ce, domin ba ta da hanya guda da take bi kullum. Waɗanda suka kira su ne ke zana mata hanyar ranar. Tushenta a dokar ƙasar shi ne dokar sufurin cikin gida ta 30 ga Disamba 1982, wadda ta ce samun abin hawa haƙƙi ne na kowane mutum, sannan wani ƙuduri na 1985 ya fayyace siffar wannan nau'i. Da can gundumomi ke riƙe da sufurin karkara, a 2017 aka mayar da shi hannun jihohi, kana dokar Disamba ta 2019 ta ba ƙawancen ƙananan hukumomi damar karɓar aikin in suna so. Mun kawo wannan ne domin mai karatu ya gane abin da ya sa ƙa'idar ba ɗaya ba ce a ko'ina. Wani wuri motar har ƙofar gida take zuwa, wani wuri sai ka taka zuwa wata alama a bakin hanya, wani wurin kuma tsofaffi da naƙasassu kaɗai ake bi har gida.

Da yake an ce sai an gwada akan san na ƙwarai, muka ce bari mu gwada ta tun kafin ranar likita. Ranar Alhamis da hantsi muka buga waya, muka gaisa da wata mata mai sanyin murya, muka ce muna son mota nan da awa ɗaya za mu sayo wa Inna rigar sanyi. Ta yi ƴar dariya, ba ta raini ba, ta ce ai motar yau tun jiya aka gama tsara ta. Wanda ke son tafiya gobe, yau kafin sha biyun rana yake kira. Muka ajiye waya muna jin kamar an mayar da mu daga ƙofar fada. Mu da muka saba da tasha, inda mota ke jiran mutane har ta cika, ɗan kamasho na jan hannun rigarka yana rantsuwa saura mutum ɗaya, ga mu a ƙasar da mutum ne ke ajiye wa mota magana tun jiya.

Ranar Litinin tun ƙarfe tara muka sake kira. Matar ta tambayi sunanmu da sunan ƙauyen da lambar gida, ta tambayi shekarar haihuwar Inna, da ko tana tafiya da sanda ko keken guragu, da kujera nawa muke so. Abin da ya ba mu mamaki shi ne ba ta tambaye mu yaushe muke son tashi ba, sai ta ce ƙarfe nawa ya zama dole ku isa? Muka ce tara da rabi. Ta ce to lokacin ɗauka su ne za su yanke, bayan sun ga sauran masu tafiya, za a aiko mana da saƙo da yamma. Daga nan ta ce: "Komowa fa?" Muka ba ta amsar da kowane Bahaushe zai bayar, muka ce sai mun gama. Ta ce a'a, littafinta bai san "sai mun gama" ba, sai dai mu faɗi ƙarfe. Nan ne muka yi kuskuren da ya zama dalilin wannan rubutu. Maimakon mu ce ta dakata mu tambayi Yaya, wanda aikinsa ke nan, sai muka yi lissafi da kanmu: ganin likita ai bai wuce rabin awa ba, a ƙara wata awa ta ko-ta-kwana. Muka ce ƙarfe sha ɗaya. Matambayi ba ya ɓata, in ji magabata, amma ranar girman kai ya hana mu tambaya.

Da la'asar saƙo ya shigo salula: ƙarfe 8 da minti 20, a ƙofar gida, Yuro 2 kowane mutum. Yuro ɗaya sefa 655 ne da ɗoriya, wato mu biyu jika biyu da ɗari shida ke nan, a tafiyar kilomita 24.

Gari ya waye da hazo da sanyi mai shiga ƙashi. Ƙarfe takwas da kwata Inna tana zaune da mayafinta tana yi wa jikanta wasa, ta ce mu kwantar da hankalinmu, ita dai ba ta taɓa ganin motar haya da ta zo kan lokaci ba. Ba ta rufe baki ba muka ji tsayuwar mota. Fara ce, ƴar ƙarama mai kujera tara, mai tuƙin kuwa mace ce da za ta yi shekara hamsin. Ta fito ta ƙwanƙwasa ƙofa, ta karanta sunanmu daga takarda tana ƙoƙarin furta shi daidai. Inna ta dube mu ta ce: "Auta, ce mata ta shigo ta sha ruwa, ta ga jariri." Muka fassara. Matar ta dafa ƙirji ta yi godiya, ta nuna agogo, ta ce akwai mutum biyu da ke jiranta a gaba. Inna ta ce: "Ikon Allah! Baƙo ya zo har ƙofa ya juya ko ruwa bai sha ba?" Amma da matar ta jawo wata ƴar matakala daga ƙarƙashin ƙofar motar, ta kama hannun Inna ta hau da ita, ta ɗaura mata ɗamarar kujera da kanta, sai muka ga fuskar Inna ta saki.

Motar ba ta miƙe hanya ba. Ta ratse cikin wata siririyar hanya tsakanin itatuwa, ta tsaya a wani gida tilo a bakin gona, wani dattijo ya fito da hula da sanda, ya riga ya kulle ƙofarsa yana jira. A wani ƙauyen kuma muka ɗauki wata tsohuwa da kwandonta, za ta ɗakin sayar da magani da kasuwa. Tafiyar da Yaya ke yi cikin minti ashirin da biyar sai da ta ci mana kusan hamsin. Ba mu ji tsawonta ba, domin dattijon mai son hira ne. Ya ce ya haura tamanin, manomi ne, shekara sittin yana tuƙi, sai da idonsa ya raunana ƴarsa da ke Limoj ta roƙe shi ya ajiye makulli. Muka tambaye shi yadda yake yi kafin ya san wannan mota. Ya ce maƙwabcinsa ke ɗaukarsa, mutumin kirki ne, bai taɓa ɓata rai ba ko sau ɗaya. Ya yi shiru kaɗan, sa'an nan ya ce amma shi da kansa ya fara rage fita, har ranar likita ya taɓa bari ta wuce, don kawai kada ya sake ƙwanƙwasa ƙofar nan. Yanzu kuwa ya biya Yuro biyunsa ya zauna, ba wanda ya yi wa nauyi.

Da muka fassara wa Inna wannan, ba ta ce komai ba sai can ta ce: "Gaskiya ya faɗa." Mun san abin da ta tuna. A unguwarmu akwai wani bawan Allah mai mota, duk wanda ciwo ya kama da dare ƙofarsa ake bugawa, bai taɓa cewa a'a ba, bai kuma taɓa karɓar ko kuɗin mai ba. Amma sau nawa Inna ta kwana da ciwo ta hana a tashe shi, tana cewa makon jiya ma shi ya kai ta? Mu ƴaƴa mukan ɗauka taurin kai ne irin na tsofaffi. A cikin motar nan muka gane kunya ce, kuma kunyar tsoho ba ta da ƙasa. A ganinmu babban amfanin wannan tsari ba arahar kuɗi ba ne, shi ne ya ɗauke wa tsoho roƙo.

Ta sauke mu a ƙofar likita ƙarfe tara da minti goma, ta ce sai sha ɗaya. Aka karɓi takardunmu, aka yi wa Inna awon farko, kana wata ma'aikaciya ta ɗiga mata magani a ido biyu, ta ce mu koma mu zauna. Ashe maganin buɗe ƙwayar ido ne domin likita ya hango abin da ke ciki, kuma sai ya ɗauki kamar rabin awa kafin ya kama, bayan nan ma mutum ya yi awanni yana gani dishi-dishi. Duk wanda ya taɓa zuwa wurin likitan ido ya san wannan, Yaya kuwa da mun tambaye shi da kalma ɗaya ya gaya mana. Aka duba, aka ce bai buɗe sosai ba, aka ƙara ɗigawa. Muna kallon agogon bango kamar mai jiran hukunci. Sha ɗaya saura minti biyar aka kira sunan Inna. Muka shigar da ita, muka roƙi likita ya yi mana uzuri na minti biyu, muka sauko da gudu.

Motar tana ƙofa, tsohuwar nan na ciki da kwandonta cike. Muka yi wa direbar bayani muna haki, muka haɗa da duk magiyar da muka iya, irin wadda in ka yi wa direban tasha sai ya kashe mota ya ce je ka dawo. Ta saurare mu har ƙarshe. Ta ce minti biyar tana iya ba mu, fiye da haka ba nata ba ne: ma'aikaciyar jinya za ta zo gidan tsohuwar nan da sha biyu ta yi mata allura, bayan nan kuma akwai wani da ke jira a wani ƙauye. Ta buga wa ofishinsu waya a gabanmu ko da gurbi da rana, aka ce babu. Ta ba mu haƙuri, ta rubuta mana lambar wani mai taksi a bayan takarda, ta ja motarta.

Ba za mu ɓoye muku ba, ranmu ya ɓaci. Muka tsaya a bakin titi muna cewa a zuci wane irin rashin tausayi ne wannan, tsohuwa ce fa, baƙuwa, idonta cike da magani. Sai da muka hau matakala za mu koma wurin Inna tunani ya zo mana cewa waccan ta cikin motar ita ma tsohuwa ce, ita kuma ta faɗi lokacinta daidai. Da direbar mai tsayawa ce ga duk wanda ya yi magiya, da safe ba za ta iso ƙofarmu takwas da minti ashirin ba, da kuma ranar da aka jira wata huɗu ta wuce mu. Duk da haka ba mu fasa ganin cewa tsarin yana da tsauri ga mai zuwa asibiti ba, domin ba wanda ya san lokacin fitowarsa daga hannun likita. Daga baya mun ji tsofaffin wurin ma suna wannan kuka, tare da kukan cewa a yankin motar ba ta fita da dare, ba ta fita ranar Lahadi.

Taksin ya maido mu gida a kan Yuro 58, sama da sefa jika 38. Inna ta tambaye mu nawa aka biya, muka ce ba yawa. Amma wannan kuɗi ya buɗe mana ido fiye da maganin likita, domin shi ne ainihin tsadar tafiyar. Yuro biyun da dattijo ke biya ba ya sayen ko man da aka ƙona zuwa ƙofarsa. Cikon hukuma ce ke biya daga harajin jama'a, a wurare da dama ma masu taksin yankin take ɗauka su yi aikin, ta biya su. Abin da ke rage mata nauyi shi ne kiran nan na tun jiya, wanda ke ba ta damar haɗa mutum uku ko huɗu a tafiya ɗaya, ta kuma bar mota a gida ranar da ba wanda ya kira.

Da muka komo gida mun yi ta auna wannan da halin ƙauyukanmu. Ta wani fanni mun fi su sauƙi: ka buga wa ɗan kabu-kabu salula, kafin ka sa takalmi yana ƙofa, ba ruwansa da jiya. Amma tsohuwa mai ciwon ido ko mace mai tsohon ciki ba ta hawa bayan babur ta yi kilomita ashirin cikin rairayi. Abin da ya rage mata shi ne amalanke, ko motar kasuwa da ke zuwa sau ɗaya a mako ta tashi in ta cika, ko shatar mota da sai an sayar da akuya. Motoci kam akwai su. Abin da ba mu gani ba shi ne mai riƙe littafi, wanda zai san cewa ran Laraba mutum huɗu daga ƙauyuka uku za su asibiti ɗaya, da kuma asusun da zai cike giɓin kuɗin. Ko ƙaramar hukuma ce za ta yi, ko ƙungiyar ƴan gari mazauna birni, wannan mun bar wa waɗanda suka fi mu sanin kuɗi.

Ga wanda tafiya irin tamu ta kama kuwa, ya fara da ofishin magajin garin da ya sauka, can ake samun lambar da ƙa'idar wurin. Ya tambaya ko daga ƙofa ake ɗauka ko daga bakin hanya, da ƙarfe nawa ake rufe karɓar kira. In ya fasa tafiya ya kira ya soke, domin wasu wuraren wanda ya saba barin mota ta zo a banza akan dakatar da shi. In kuwa asibiti ne, ya tambayi masu asibitin tsawon zaman tun kafin ya faɗi lokacin komowa, sa'an nan ya ƙara a kai.

Likita ya tabbatar yana ce ta rufe idon Inna na hagu, ya sa mana ranar komowa bayan mako biyu domin awon da ake yi kafin aiki. Wannan karon muka ce a zo ɗaukarmu ƙarfe ɗaya, aka kuwa sallame mu tun sha ɗaya saura, muka yi awa biyu a ɗakin jira muna kallon ruwan sama. Da safen ranar, ƙarfe takwas na bugawa Inna ta riga kowa fita, tana tsaye bakin ƙofa cikin sabuwar rigar sanyinta, da ƙunshin dabino a hannu. Direbar nan ce dai ta zo. Inna ta danƙa mata ƙunshin tun kafin ta hau, ta ce: "Auta, gaya mata tunda ba ta da lokacin shan ruwa, wannan a hanya ake cinsa." Matar ta karɓa da hannu biyu, ta buɗe, ta miƙa wa dattijon nan da ke kujerar baya guda uku, shi kuma ya leƙo yana tambayar yadda idon Hajiya ya kwana.